Digiri Na Biyu A Injiniyancin Gine-gine: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Duk shekara, da zarar an sallami ɗaliban da suka kammala digirin farko, ofishina kan cika da masu neman takardar shaida. Wannan yana son tafiya Wagadugu, wancan Zariya, wani kuma ya hango Maroko ko Faransa ko Sin. Ba na ƙin sa hannu, amma na saba yi wa kowa tambaya ɗaya kafin in ɗauki alƙalami: idan an ba ka gurbin, me za ka bincika? Wata rana wani ɗalibi mai hazaƙa, ɗan wani gari da ke bakin ƙorama a jihar Tawa, ya amsa mini cewa yana son yin lissafin bene mai hawa 30 a ƙasar da ake girgizar ƙasa. Na ce masa madalla, wannan ilimi ne mai zurfi. Sai na tambaye shi labarin kwalbatin da ke mashigar garinsu. Ya yi murmushi ya ce, “Ai Malam, wannan kusan kowace damina sai ruwa ya cinye gefensa, motoci su kwana suna jira.” Na ce, “To me ke sa ruwan yake cinye shi?” Ya sunkuyar da kai, bai ce kome ba.

Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya gama digirin farko a injiniyancin gine-gine a Nijar ya kamata ya wuce zuwa na biyu idan Allah Ya hore masa, amma da sharaɗin ya shiga da tambayar da ya ɗauko daga ƙasar da zai yi wa aiki. Tambayoyin da suka fi matsa mana lamba kuwa sanannu ne: ruwan da ke yanke hanyoyinmu, da ƙasar da muke shimfiɗa kwalta a kanta, da ginin laka da yawancin mutanenmu ke kwana a ciki.

Me ya sa digirin farko bai isa ba?

A tsarin da jami'o'inmu ke bi, digirin farko shekara 3 ne bayan bakaloriya, na biyun kuma, wanda ake kira masta, shekara 2 ne, wato zango 4. Zango na ƙarshe akan keɓe shi ga aikin koyo a wata ma'aikata da rubuta kundin bincike. A ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, injiniyan da ake ba amanar tsara aiki da lissafinsa shi ne wanda ya yi shekara 5 bayan bakaloriya. Mai shekara 3 galibi a filin aiki ake samunsa, yana duba ɗaurin rodi da kwaɓin kankare, yana tabbatar da an bi zane. Aiki ne mai daraja, kuma babu ginin da zai tsaya ba da shi ba. Sai dai manyan shawarwari, irin su faɗin bakin kwalbati da kaurin shimfiɗar titi da zurfin harsashin gada, tun a kan takarda ake yanke su, kafin a ajiye bulo ko ɗaya. Idan aka yi kuskure a can, ƙwarewar mai duba aiki ba za ta gyara shi ba.

Mu dubi gadojin Yamai guda uku. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, da tallafin Amurka aka yi ta. Ta biyu a 2011 da ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021, Sinawa ne suka gina su. Madatsar Kandaji, da ke sama da Tilaberi, wadda aka aza harsashinta a 2008 da niyyar samar da megawat 130 na lantarki, ita ma kamfanonin waje aka ba babban aikinta. Wannan ba abin kunya ba ne, kowace ƙasa tana ɗauko gwani daga inda yake. Amma ranar da baƙo ya tattara kayansa, gada ta zama tamu, tsatsarta da tsagarta ma namu ne. Ƙasar da ba ta da ƴaƴan da za su karanta lissafin ɗan kwangila su ce masa nan ka yi daidai, nan kuwa da sake, sai dai ta karɓi abin da aka miƙo mata. Irin waɗannan ƴaƴa ake son masta ta fitar.

Ruwa ya sauya hali, lissafi yana nan inda yake

Kogin Kwara yana cika sau biyu a Yamai. Akwai cikar da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ta ɓata watanni tana ratsa fadamun Mali, ta iso tsakanin Disamba da Fabrairu. Akwai kuma cikar damina ta Agusta da Satumba, wadda ake kira jar cika saboda launin lakar da take ɗauko wa daga rafukan Sirba da Dargol da Gorouol, masu gangarowa daga Burkina Faso. A da, cikar Gini ce babba. A ƴan shekarun nan jar cika ta sha gabanta, kuma ita ce ke yin ɓarna. A ma'aunin Yamai, santimita 620 ne matakin gargaɗi mafi tsanani. A Satumban 2020 ruwa ya kai santimita 700, ya fasa shingen Lamorde, ya shiga unguwannin hayin kogi. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasa, har hanyoyin fita daga Yamai suka yanke na wasu kwanaki. A watan Satumba na shekarar, madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, domin ruwan Sahel bai san kan iyaka ba.

Masana ruwa sun daɗe da lura da wani abin mamaki a yankinmu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke kwarara a ƙoramu ya ƙaru. Dalilin kuwa shi ne, an sare itatuwa, an nome dazuzzuka, ƙasa ta zama faƙo mai ɓawo a sama, ta daina shan ruwa yadda ta saba. Abin da ya zubo sai ya gudu. Yanzu da ruwan sama ya dawo, yana kuma zuba da ƙarfi cikin ɗan lokaci, sai abu biyu suka haɗu.

Ga inda injiniya ya shigo. Kafin ya tsara kwalbati sai ya ƙiyasta yawan ruwan da zai bi ta wurin. Akan ɗauki abin da ake kira ambaliyar shekara 10, wato wadda a kowace damina akwai yiwuwar kashi 10 cikin 100 a samu irinta ko wadda ta fi ta. Yawancin ƙoramunmu ba su da ma'auni, don haka ake dogara da hanyoyin ƙiyasi: wadda Rodier da Auvray na hukumar binciken Faransa ta ORSTOM suka fitar a 1965, da ta kwamitin nazarin ruwa na ƙasashen Afirka, CIEH, ta 1983, waɗanda hukumar FAO ta sabunta ta tattara a littafi guda a 1996. Ayyuka ne nagari, kuma har yau da su ake koyarwa. Amma awon da aka gina su a kansa an yi shi ne a kan ƙasar da ta riga ta sauya kama. Wanda ya auna wa yaro riga yana ɗan shekara 7, ya kawo masa ita yana ɗan 20, kada ya ga laifin tela.

Ɗalibin masta ɗaya ba zai sake wannan lissafi duka ba. Amma zai iya ɗaukar ƙorama guda, ya nemi bayanan ruwan sama a hukumar yanayi ta ƙasa ko a cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, ya kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam na da da na yanzu, ya auna alamar da ruwa ya bari a jikin bango, sannan ya faɗi tazarar da ke tsakanin abin da littafi ya yi hasashe da abin da ido ya gani. Idan ɗalibai 20 suka yi haka a ƙoramu 20, daga Gulbin Maraɗi zuwa Majiya, an sami abin da wata ma'aikata za ta iya dogara da shi. Kundin bene mai hawa 30 kuwa, ranar da aka kāre shi gaban malamai, ranar ce ta ƙarshe da wani zai buɗe shi.

Ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta

Mai tafiya a babbar hanya mai lamba 1, daga Yamai zuwa Doso, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram har Difa, kwalta yake gani. Amma ƙarfin hanya yana ƙarƙashi, a shimfiɗar burjin da aka daddaɓe. Littafin da injiniyoyinmu suka fi jingina da shi wajen tsara kaurin wannan shimfiɗa shi ne jagoran da cibiyar CEBTP ta Faransa ta fitar domin ƙasashe masu zafi, bugun 1984.  A gabashin ƙasa kuwa rairayi ya fi yawa, dole a ɗauko burji daga nesa, kuɗin jigila ya cinye kasafi. Wane irin gauraye na rairayi da siminti, ko na burji mai rauni da fasasshen dutse, zai iya ɗaukar nauyi a irin wannan wuri? Amsar tana ɗakin gwaji, kuma sai an gwada ƙasar kowane yanki daban.

Ga kuma batun nauyi. Tun gwajin hanyoyi da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 aka gane cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka sau 2, lahanin da yake yi wa titi yana ninkawa kusan sau 16. Shi ya sa ƙungiyar UEMOA ta kafa dokarta mai lamba 14 a 2005 domin ƙayyade lodi. Injiniyan da ya tsara titi bisa nauyin da doka ta yarda, bai je ya ga nauyin da tireloli ke ɗauka a zahiri ba, ya tsara wa wata ƙasa titi. Haka ma kankare. Ƙa'idar BAEL da aka koyar da yawancinmu, Faransa ita kanta ta bar ta ta koma ga ƙa'idojin Turai. Kuma ko wace ƙa'ida aka bi, ƙarfin da ake auna wa kankare a kwana 28 ba ya samuwa idan aka zuba shi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, aka bar shi ba ban-ruwa.

Ginin laka ma yana son injiniya

A farkon Satumban 2024, tsohon masallacin Damagaram da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. Shekara guda kafin nan, a Agustan 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata. A kowace ambaliya kuma, gidajen laka ne ke fara faɗuwa. Da yawa sun yanke hukunci daga nan cewa zamanin laka ya wuce, kowa ya koma bulon siminti da kwano. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a watan Mayu ya san kuɗin wannan hukunci, wanda kuma ya tambayi farashin buhun siminti ya san talaka ba zai iya biyansa ba.

Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, da laka aka yi ta, kuma tana tsaye a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Cikal, tun 1980 aka fara koyar da rufin laka mara itace. A Dandaji kuma, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018 da bulon ƙasa matsattse. Waɗannan duka shaida ne cewa laka tana da sauran aiki.

Maginanmu sun san abubuwa da yawa. Sun san ƙasar da ta dace da tubali, sun san tsawon da azara za ta iya ɗauka, sun san amfanin makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa wajen kare bango daga ruwa, sun san inda za a kafa indararo. Abin da ba su da shi shi ne adadi. Kashi nawa na siminti ko farar ƙasa za a zuba a bulon ƙasa domin ya jure jiƙa? Tsayin harsashin dutse nawa zai raba bango da ruwan da ya kwanta? Awa nawa bango zai yi cikin ruwa kafin gindinsa ya narke? Matuƙar babu waɗannan alƙaluma a rubuce, banki ba zai ba da rance ba, hukuma ba za ta sa laka a kwangilar gina aji ba. Injiniya mai masta shi ne zai iya mayar da sanin magini ya zama ƙa'ida.

A nan ne maganar ta shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Injiniya da Faransanci ya yi karatu, magini da lebura kuwa da Hausa ko Zabarmanci suke aiki. Na sha ganin matashin injiniya yana hana a ƙara ruwa a kwaɓin kankare, amma ya kasa bayyana dalili da harshen da masu kwaɓin za su gamsu. Yana juya baya aka ƙara, domin kwaɓi mai ruwa ya fi sauƙin zubawa, alhali ƙarfinsa ya ragu. Kalmomin maginan gargajiya ma suna bin tsofaffinsu kabari. Da ɗalibin injiniyanci da ɗalibin harshe za su zauna gaban magini ɗaya, wannan yana awo, wancan yana rubuta sunan kowane abu da yadda ake faɗarsa, da kowannensu ya fita da kundin da ya fi wanda zai yi shi kaɗai.

Abin da masu ja da ni za su ce

Na farko za su ce, kamfanonin da ke biyan albashi mai tsoka ƙwarewar manhajar kwamfuta da ƙa'idojin duniya suke nema, wanda ya tsaya kan kwalbatin ƙauye ya rufe wa kansa ƙofa. Ban yarda ba. Dokar gudun ruwa da ta ɗaukar nauyin ƙasa iri ɗaya ce a Tawa da Tokiyo, manhajar da ake lissafin babban kogi da ita kuma ita ce ake lissafin ƙorama. Masu iya danna manhaja sun yi yawa a duniya. Wanda ya san halin ƙasar Adar da ruwanta, ya kuma iya danna manhajar, shi ne kamfanin waje ba zai iya taho da shi daga gida ba.

Na biyu za su ce, binciken fili yana cin kuɗi, kayan gwaji sun yi ƙaranci, samun bayanai daga ma'aikatu kuma sai an sha wuya. Wannan gaskiya ce, ba ni da abin musu. Abin da zan ce kawai shi ne a sa wannan cikin ma'aunin zaɓen makaranta. Ko EMIG ce a Yamai, ko 2iE a Wagadugu, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya mai sashen albarkatun ruwa, ko wata can nesa, ɗalibi ya tambaya: akwai ɗakin gwajin ƙasa da kankare da ke aiki? Wa zai duba kundina, kuma ɗalibai nawa ke hannunsa? A ina waɗanda suka gabace ni suka yi aikin koyo? Idan makaranta mai zaman kanta ce, shin CAMES ta amince da takardarta? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku shi ya fi nauyi. Akwai wanda iyaye suka sayar da tumaki suka kai shi inda yake, ƙannensa suna jiran ya fara kawo wani abu. A ce masa ya ƙara shekara 2 ba albashi, magana ce mai sauƙi a bakin mai albashi. Irin wannan, shawarata ya kama aiki tukuna. Shekara ɗaya ko biyu a filin gini ba asara ba ce. Waɗanda suka dawo aji bayan sun sha rana a bakin aiki sun fi kowa sanin abin da suka zo nema. Wanda nake tsoro shi ne mai shiga masta domin kawai bai sami aiki ba, yana neman inuwar da zai fake. Zai fito da takarda ta biyu da ruɗun da ya shiga da shi.

Mai tafiya waje kuwa, ya tafi, Allah Ya ba da sa'a. Ilimi ba shi da gari. Amma ya sa bayanan ruwan sama na garinsu da sakamakon gwajin ƙasarsu cikin jakarsa, ya nemi malamin da zai yarda a yi aiki a kansu. Wasu ba za su dawo ba, ba kuma zan zage su ba, kowa ya san nauyin da ke kansa. Ko bai dawo ba, kundinsa zai iya dawowa.

Shi kuwa ɗalibin nan na jihar Tawa, bai sake leƙo ni ba sai bayan damina. Ya zo da littafin rubutu da ya sha ƙura. Ya auna bakin kwalbatin, ya tarar rairayi ya toshe kusan rabinsa. Ya bi ƙoramar da ƙafa zuwa sama, ya ga inda dajin da mahaifinsa ke kiwo a da ya koma faƙo. Ya zauna da dattawan gari suka nuna masa a jikin wata tsamiya iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a zamaninsu, da inda yake kaiwa yanzu. Ya ce, “Malam, har yanzu ban san girman da ya kamata a yi shi ba, amma na san abin da zan je in koyo.” Na jawo takardarsa na sa hannu.